Kayan Gidan Bakin Teku: Jawabin Ofishin Akawu a Taron Cikar Shekara



Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu dattawan ƙungiya, hajiyoyinmu masu fatauci, wakilan rassa da suka taso tun daga Kwatano da Lome da Accra, 'yan'uwa direbobi da masu lodi, muna yi wa kowa barka da zuwa, muna kuma yi wa juna barka da ganin wannan rana. Waɗanda suka kwana a hanya, sannunku da gajiya.

Kwamitin shirya biki ya ba ofishin akawu ɗan lokaci, aka ce mu faɗi abin da zai amfani mambobi. Da farko mun yi niyyar karanto kuɗin shiga da na fita, sai ma'aji ya ce kada mu shiga masa gona. To sai muka koma ga littafin da ya fi kowanne tsufa da yagewa a ofis, wato littafin ƙararraki, inda muke rubuta rigimar mamba da mamba, ko ta mamba da abokin cinikinsa. Da muka bi shi shafi-shafi sai muka lura da wani abu. In an cire rigimar bashi da ta kuɗin mota, wadda ta fi dawowa ita ce ta kayan gida da suka lalace tsakanin nan da bakin teku. Tabarma ta yi baƙi, tum-tum ya yi fumfuna, kwano ya yi tsatsa, gadon amarya ya tsage. Mai kaya ya ce direba ne, direba ya ce mai sito ne, mai sito ya rantse haka aka kawo masa. Sau da yawa in an bincika babu wanda ya cuci wani da gangan. An dai ɗauki kayan da aka yi don gidan Arewa an kai gidan bakin ruwa, ko an ɗauko na can an kawo nan, ba a tsaya an duba yadda gidajen biyu suke ba. A kan wannan za mu yi magana.

Mu a nan, wanda ya gina gida da rana yake faɗa, da ƙura. Shi ya sa bangonmu ke da kauri, tagarmu ƙarama, labulenmu mai nauyi, mu shimfiɗa darduma mu jera matasai a jikin bango, a rufe ƙofa a kunna turaren wuta, ɗaki ya yi daɗi. Mutumin Kwatano ko Aneho ko Keta ko Cape Coast kuwa da laima yake faɗa. Yawancin shekara danshin iska a can yana kai kashi 80 cikin 100 ko ya haura, alhali a Kano ko Maraɗi cikin hunturu yakan sauka ƙasa da kashi 20. Damina biyu suke yi, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga wajen Satumba zuwa Nuwamba. Ga shi iskar da ke tasowa daga teku ɗauke take da gishiri, ba ka ganinsa, amma yana sauka a kan duk ƙarfen da ke cikin gida. Duk wanda ya taɓa shanya riga a Zangon Kwatano da yamma ya tashi da safe ya tarar da ita kamar yanzu aka matse ta, ya san abin da muke nufi.

Saboda haka daɗin ɗaki a wurinsu shi ne iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Za ka ga tagogi manya suna kallon juna, masu gilashi jere-jere da ake karkatawa, waɗanda ake kira luba. Za ka ga baranda a gaban gida, a nan ake hira, a nan ake karɓar baƙo, ita ce zaurensu. Ƙasan ɗaki siminti ne ko tayil da za a goge da tsumma. Kujera tana da ƙafa, gado yana da ƙafa, akwatin tufafi ma a kan wani abu ake ɗora shi, kuma ba a manna komai da bango. Labule shara-shara ne, sau da yawa na atamfa, wanda za a cire a wanke ya bushe a yini guda. Gidan sauro kuwa ba ya sauka duk shekara.

Wanda hanya ta kai shi Porto Novo ya ɗan tsaya ya kalli tsofaffin gidajen Aguda, jikokin bayin da suka dawo daga Brazil a ƙarni na 19. Benaye ne masu dogayen tagogi da murfin katako, da zanen siminti a goshin ƙofa, da fenti mai haske. Babban masallacin garin ma a kan wannan fasali aka gina shi. A Accra akwai 'yan'uwansu da ake kira Tabom, a unguwar Jamestown. Wannan shi ne ginin masu hali na da. Na talaka kuma sai ka je Ganvie, garin da ke tsaye a kan turaku cikin tafkin Nokoue, inda ɗaki na gora ne da itace, iska na ratsa bango. Mai bene da mai bukka duk dabararsu ɗaya ce, kada laima ta samu wurin kwana.

Yanzu mu zo kan kaya, mu fara da fata, don ita ta fi sa mu zaman sulhu. Jimar Kano da ta Sakkwato da ta Damagaram ba ta da na biyu, kuma mutanen bakin teku suna son tum-tum da matashin fata ƙwarai. Amma fatar da aka jeme da bagaruwa abincin fumfuna ce in ta sha laima. Akwai wani ƙanenmu, ba za mu kama suna ba, yana nan cikin zauren nan, da ya zuba jarinsa kaf a tum-tum. Ya sa aka cusa musu ciki tun daga gida don su yi kyan gani, ya naɗe kowanne cikin leda don kada ƙura ta taɓa su, ya tashi cikin watan Yuni. Mota ta yi kwanaki a hanya. Da aka kwance a Kwatano sai ga su sun yi fari-fari da kore-kore kamar burodin da aka manta a aljihu. Ledar da ya sa don kariya ita ta riƙe gumin. Ya zo ofis yana ƙarar direba, dattawa suka zauna, aka ga direba ba shi da laifi ko na anini. Abin da iyayenmu da suka daɗe a hanyar suka gaya masa ran nan shi muke maimaitawa: tum-tum ba a cusa shi sai a inda za a sayar, a ninke shi a buhun algarara ko a takarda inda zai sha iska, kuma lokacin kai fata shi ne Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hunturu ke ɗan leƙawa har bakin teku. In ka sayar kuma ka gaya wa mai saye ya riƙa fitar da shi rana yana gogewa. Wannan maganar ba ta rage maka ciniki. Wanda ka ɓoye wa ne ba ya dawowa.

Tabarma ma haka. Tabarmar kaba in ta bushe sarai kafin a naɗe ta, tana jurewa. Amma masu saƙa, musamman in an matsa musu da gaggawa, sukan ba da ita da sauran danshin rini, kai kuma ka naɗe ka ɗaure. Kafin ka isa ta yi ɗigo-ɗigon baƙi da ba ya fita. Kuma mu sani su ma suna da tasu tabarmar. A yankin Keta da sauran bakin tafkuna mata na saƙa ta da ciyawar fadama dangin kajiji, mai laushi ce kuma ta saba da ruwa. Ke nan ba don rashin tabarma suke sayen tamu ba, don zanenta ne da launinta. Wanda ya kai farar tabarma marar ado ya kai gishiri teku. Ta roba kuwa ba ta da matsala da laima, shi ya sa take tafiya a masallatan zango da gidajen haya, sai dai ribarta ƙarama ce don kowa na kawowa.

Ƙarfe ba sai mun daɗe a kansa ba. Langa da fanteka da kumbo, irin waɗanda iyayenmu mata ke jerawa a kabad, a nan sai su shekara talatin ko da sun ɗan fashe a baki. A can da zarar fentin ya ɓalle, gishiri ya samu ƙofa, tsatsa ta ci ta huda. Don haka a lodi a sa takarda ko tsumma tsakanin kwano da kwano. Tukunyar dalma tana lafiya. Silba kuma iri-iri ce, akwai mai arahar da ke ƙyalli a shago amma wata uku a Lome ta fara ɗigon ja. Araha ba ta ado. Kwaɗo da sakata da ƙusa su ma a nemi na tagulla ko waɗanda aka yi wa rufi, in ba haka ba mai gida zai wayi gari makulli ya ƙi juyawa.

A madafa ne aka fi gane cewa kowace ƙwarya da abokin burminta. Turminmu mai zurfi ne, don surfe da dakan hatsi aka sassaƙa shi. Na mutanen Gana gajere ne mai faɗin baki, taɓaryarsa doguwa, mutum ɗaya na tsaye yana kirɓa, ɗaya na zaune yana juya sakwarar da hannu. Ka loda musu namu, sai dai matan zango su saya. Suna da wani kaskon ƙasa mai zane-zane a ciki da suke kira asanka, a ciki ake niƙa barkono da tumatir da albasa da ɗan guntun itace, a ciki kuma ake cin abinci. Babu gidan da za ka shiga a kudancin Gana ka rasa shi, ko da kuwa akwai injin markaɗe a kan tebur. Tukwanen ƙasa suna da garuruwan da suka shahara da su, kamar Se a kudancin Benin da Vume a yankin Volta. Kurfoti na gawayi yana kowane tsakar gida. Randa ce dai ba ta yi musu aikin da take yi mana. Sanyin ruwan randa daga bushewar gumin jikinta yake zuwa, to inda iska ta riga ta ƙoshi da ruwa gumin ba ya bushewa da sauri, sanyin sai ya zama kaɗan. Mu a nan cikin bazara ka ɗebi ruwan randa har haƙori ya amsa, a can ba haka ba ne.

Wannan duk kayan da ke gangarawa ke nan. Masu haurowa ma suna da nasu labarin, kuma a nan muna roƙon hajiyoyinmu masu haɗa kayan ɗaki su ba mu kunne. Tsintsiyar kwakwa, soson raga, sabulun salo, atamfar Lome da ta Tema da Akosombo, waɗannan duk suna zuwa lafiya su zauna lafiya. Matsalar katako ce. Kafintocin Kwatano da Lome gwanaye ne, suna aiki da loko da tik masu kyau, gado ya fito kamar ka lasa. Amma katakon da aka yanka aka fere a cikin laima, cikinsa cike yake da ruwa. Ya zo nan ya gamu da hunturu sai ya tsuke, haɗin ya saki, allon ya tsage, wani lokaci da ƙara cikin dare. Mun yi zaman wata uwa da ta sayo wa 'yarta gado da kabad a watan Oktoba, aka yi jere, dangin ango suka yaba. Kafin ƙarshen Janairu ƙofar kabad ta ƙi rufuwa, kan gado ya rabe biyu. Magana ta tashi daga kan katako ta koma kan mutunci, har da cewa tsohon kaya aka yi wa fenti. Ita kuma ta kawo ƙarar ɗan'uwanmu da ya yi mata dillanci. Ba tsohon kaya ba ne, sabo ne fil, sabuntar ce ma ta jawo. Wanda ke son katakon kudu ya sayo shi falle-falle, ya jera shi a inuwa da tazara tsakani ya ci rani guda, sannan kafintan gida ya yi aikin. In kuwa dole sai haɗaɗɗe, a tambayi kafinta tun yaushe katakon ke ajiye, kuma a gaya wa mai saye gaskiya. Kujerun saƙa irin waɗanda ake yi a Legas su ma sukan bushe su yi ƙaras-ƙaras a nan in ba a raba su da rana ba. Shi kuma allon nan na garin katako da ake mannewa, wanda ya cika shagunan kayan ɗaki yanzu, a nan yana ɗan jurewa, amma kada wanda ya yi gangancin kai shi bakin teku. Kumbura yake kamar ƙullin da ya kwana.

Akwai wata kasuwa da ta buɗe a 'yan shekarun nan wadda yawancinmu ba mu waiwaya ba tukuna. Daga Ouidah zuwa Grand Popo, daga Kokrobite zuwa Elmina, ƙananan masaukai da gidajen abinci na ta ƙaruwa a bakin ruwa, musamman tun da Gana ta yi shelar 2019 a matsayin shekarar dawowar jikokin bayi, baƙi suka riƙa zuwa daga Amurka da sauran wurare. Masu waɗannan wurare, da ma 'yan bokon garuruwan da ke gina gidajen hutu, ba kayan Dubai suke nema ba. Rufin ciyawa suke so, da farin bango, da kujerar saƙa, da kujera 'yar tsugunne, da ƙyallen Abomey mai hotunan dabbobi a rataye. A cikin wannan adon kayanmu sun samu gurbi. Faifan da matanmu suka ajiye suka koma murfin roba, can jera shi ake yi a bango, goma, ashirin. Ƙwaryar da aka yi wa zane ana huda ta a sa ƙwan lantarki a ciki. Akushi ya zama mazubin 'ya'yan itace, gwado da luru sun zama abin yafa wa gado, baƙin rinin Ƙofar Mata ya zama rigar matashi. Mutanen Bolgatanga sun daɗe da gane wannan, kwandonsu ya zaga duniya, alhali saƙar ƙauyukanmu ba ta gaza tasu ba. Abin dariya ne ka ga muciya a rataye a bangon otal kamar takobin sarki, amma kuɗin da aka biya a kanta ba na dariya ba ne.

Sai dai wannan kasuwa tana da sharaɗinta. Mai masauki in ya ce faifai talatin, talatin masu girma ɗaya yake nufi. Masu saƙarmu da ido suke awo, sai ka tara ka ga wani kamar tafin hannu wani kamar tire. Maganin abu ne mai sauƙi: ka yanka kara daidai faɗin da ake so ka bar wa kowace mai saƙa nata. Rini kuma ya zama mai kama jiki, don wanda ke zuba, laima kaɗai ta isa ta sa ya ɓata farin bango, kuma daga ranar an rufe maka ƙofa, kai da duk wanda ya zo bayanka da hula irin taka. Ƙwarya a tabbatar ta bushe, a duba ba ƙwaro a cikinta. Sannan wata magana da muka san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Wasunmu na zuwa ƙauye su taya faifai da kuɗin da bai kai na kabar da aka saƙa shi ba, su je can su ninka sau da yawa. Tsofaffi ne suka rage a wannan saƙa. In yarinya ta ga wahalar kakarta ba ta sayen ko sabulu, ba za ta koya ba, mu kuma nan da 'yan shekaru mu nemi abin lodi mu rasa. A ra'ayinmu, wanda ya samu oda mai kyau ya ba da kafin alƙalami, ya kuma ƙara wa masu saƙa wani abu.

Kada mu manta da mutanenmu na zango, na Nima da Sabon Zango da Zangon Lome da na Kwatano, waɗanda kakanninsu suka bi hanyar goro suka zauna. Su ne abokan cinikinmu na kullum, kuma su ne suka fi shan wahalar wannan abu, don zuciyarsu na son ɗaki irin na gida, ƙasar kuma ba ta yarda ba. Amarya a zango tana son kafet daga bango zuwa bango da labule mai ninki uku kamar na 'yar'uwarta ta Katsina. Damina ɗaya ɗakin ya ɗauki wari. In sun tambaye mu shawara mu ce su ɗauki darduma ƙarama da za a iya fitarwa rana. Turaren wuta da kasko kuwa a kai musu da yawa, ba ya kwantai.

Dalilin da ya sa muka ga maganar ta zama ta gaggawa shi ne hanya ta daina zama abin da za a yi wa lissafi. Da can daga Malanville zuwa Kwatano, kilomita 700 da 'yan kai, kaya kan isa kafin laima ta gama aikinta, kuskure ya wuce ba a gani ba. Amma mun ga yadda Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disambar 2020. Mun ga yadda aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya suka koma ƙetare kogi a kwale-kwale, wasu suka zaga ta Togo da Burkina suna jiran ayari. Kayan da aka shirya wa tafiyar kwana uku sai su yi wata a sito ko a bayan mota ƙarƙashin tampol. Ga kuɗi kuma, sefa a ɗaure take da yuro, naira da sidi suna hawa da sauka, in kaya suka lalace ba lallai abin da ya rage ya sake sayen rabinsu ba.

Saboda haka ofis na kawo shawara biyu gaban shugabanni. Ta farko, sitocin da rassanmu ke haya a Kwatano da Lome a sa musu katakon ɗora kaya, a bar tazara tsakanin kaya da bango, a daina rufe tagoginsu da kwali. Mun tambaya, kuɗin bai kai asarar lodi ɗaya ba. Ta biyu, mun buga wata 'yar takarda mai shafi ɗaya da za a riƙa cikewa wurin lodi: irin kayan, a cikin me aka naɗe su, a bushe suke ko da danshi, ranar tashi, sai mai kaya da direba su sa hannu, a ɗauki hoto da waya. Mun san wasu iyayenmu za su ce su da amana suka saba, ba da takarda ba. Gaskiya ne, ba mu kuma ce a bar amana ba. Amma mu ne ke zaune da littafi in amanar ta zo gaban dattawa kowa na rantsuwa, babu abin da za a duba.

Takardun suna kan teburin da ke bakin ƙofa, kowane sakataren reshe ya ɗauki na reshensa kafin a tashi. Wanda bai iya boko ba ya zo ofis, za mu cike masa, ba a biyan ko sisi.

Ranka ya daɗe shugaba, iyakar abin da ke takardarmu ke nan.